Burbushin Homon a Cikin Naman Shanu: Rigimar Amurka da Turai

Tun daga ranar 1 ga Janairun 1989 ƙasashen da a yau ake kira Tarayyar Turai suka rufe ƙofarsu ga naman shanun da aka kiwata da homon, kuma har yanzu ba su buɗe ba, duk da cewa Amurka da Kanada, waɗanda dokokinsu suka halatta irin wannan kiwo, sun kai ƙara sun yi nasara, sun kuma ɗora wa kayan Turai harajin ramuwar gayya. Rigima ce da ta haura shekara 30, kowane ɓangare da masanansa da alƙalumansa, amma wanda ya bi diddiginta zai tarar cewa lafiyar mai cin nama ta fi rataya a kan wani abu da ba a cika ambata ba, wato ko akwai mai sa ido a kan abin da ake yi wa dabba tun daga turke har zuwa mayanka.

Homon sinadari ne da jikin mutum ko na dabba ke haɗawa da kansa, ya sake shi cikin jini domin ya kai umarni ga sauran gaɓɓai, kuma ɗan mitsitsi daga cikinsa ya isa ya tayar da balaga, ya gina tsoka, ko ya tsara lokacin ɗaukar ciki. Iri 6 ne aka amince da su wajen kiwon shanu a Amurka. Istiradiyol da firojestaron da testostaron irin waɗanda jiki ke yi ne, su kuwa zeranol da tirenbolon da melenjestirol haɗin masana'anta ne da ke kwaikwayon aikin na farkon. Dalilin amfani da su a fili yake, domin yawancin shanun da ake turkawa a manyan gidajen kiwo an dandaƙe su tun suna maruƙa saboda su yi sanyin hali, abin da ke rage musu saurin girma, sai a mayar musu da abin da suka rasa ta hanyar magani. Ana kama kan san a matse shi, a soka wata allura mai faɗin baki a bayan kunne tsakanin fata da guringuntsi, a tura 'yan ƙwayoyi a jere, su zauna a wurin suna narkewa sannu a hankali har tsawon watanni. Melenjestirol ne kaɗai ake zubawa a cikin abincin karsana. Dabbar da aka yi wa haka takan ƙara saurin nauyi da kimanin kashi 10 zuwa 20 cikin 100, ta kuma ci abinci kaɗan a kan kowane kilo na naman da ta tara, kuma an zaɓi kunne ne saboda a mayankar Amurka yanke shi ake yi a jefar.

Fargabar da jama'a ke yi tana da tarihi, kuma tarihin ya faro ne da wani homon na haɗi mai suna DES, wanda masana a Ingila suka samar a 1938. A 1947 Amurka ta yarda a dasa shi a wuyan kaji, a 1954 kuma ta yarda a sa shi a abincin shanu. Alamar farko ta fito ne daga inda ba a zata ba, lokacin da masu kiwon wata ƙaramar dabba da ake ajiyewa saboda gashinta suka ga dabbobinsu sun daina haihuwa bayan an ciyar da su kawuna da wuyan kajin da mayanka ta zubar. An hana sa wa kaji maganin a 1959, amma shanu suka ci gaba da samunsa. A 1971 likita Arthur Herbst da abokan aikinsa a birnin Boston suka bayyana cewa sun ga wata irin sankarar al'aura, wadda ba a saba ganinta ga matasa ba, a jikin 'yan mata 8 masu shekara 15 zuwa 22, kuma 7 daga cikinsu iyayensu mata sun sha DES lokacin da suke ɗauke da cikinsu, domin a zamanin likitoci na bayar da shi da nufin hana ɓari. Gaskiya ne cewa abin da waɗannan mata suka sha ya ninka abin da ake samu a nama nesa ba kusa ba, amma binciken ya nuna cewa illar homon tana iya ɓuya shekara 20 kafin ta bayyana, kuma ta bayyana a jikin wanda bai sha ba. Duk da haka sai a 1979 aka kammala haramta DES ga shanu a Amurka.

A Turai abin ya zo da zafi. A 1977 aka ga ƙirgen dangi ya fito wa yara ƙanana, maza da mata, a wata makaranta a birnin Milan na Italiya, aka zargi naman da ake dafa musu, ko da yake ba a tabbatar da hakan ba. A 1980 aka gano DES a cikin abincin jarirai na kwalba da aka haɗa da naman maraƙi a ƙasar, iyaye suka ƙaurace wa naman maraƙi, kasuwarsa ta faɗi a Italiya da Faransa. Daga nan aka haramta DES da danginsa a 1981, aka faɗaɗa haramcin ya haɗa da duk wani homon na ƙara ƙiba, har ya kai ga naman da ake shigowa da shi daga waje.

Hujjar Amurka ta ginu ne a kan ƙanƙantar abin da ke saura a cikin nama. Alƙaluman da masu wannan ra'ayi suka fi kawowa sun ce yankan nama mai nauyin giram 85 daga san da aka yi wa dashe yana ɗauke da kimanin nanogiram 1.9 na homon ɗin mata, alhali na san da ba a yi wa ba yana da 1.3, kuma nanogiram kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram. Suna ƙarawa da cewa jikin ɗan Adam yana haɗa dubban nanogiram a kowace rana, madara da ƙwai ma ba su rasa nasu. Kwamitin masana na haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ya duba batun ya ce ba a tsammanin cutarwa muddin an bi ƙa'idar kiwo. A kan haka hukumar Codex Alimentarius, wadda ke tsara ma'aunin abinci na duniya, ta yanke iyakar burbushin da aka yarda da shi, wato mafi yawan abin da za a samu a nama ba tare da an hana sayar da shi ba, inda ta sa wa zeranol da tirenbolon maikirogiram 2 a kilon tsoka da 10 a kilon hanta. Sai dai yadda aka amince da iyakar a 1995 ya nuna irin rabuwar kan da ake ciki, domin ƙuri'ar sirri aka kaɗa, ƙasashe 33 suka yarda, 29 suka ƙi, 7 suka ƙaurace.

Masanan Turai sun kalli abin ta fuskar yara. A 1999 kwamitinsu na kimiyya ya ce istiradiyol yana iya haddasa sankara ya kuma ciyar da ita gaba, ya ce ba za a iya yanke wani adadi a ce ƙasa da shi babu haɗari ba, sannan ya ware yaran da ba su balaga ba a matsayin waɗanda suka fi shiga haɗari. A shekarar ce wasu masu bincike a Denmark suka yi nuni da cewa adadin homon da aka daɗe ana cewa jikin ƙaramin yaro yana haɗawa an auna shi ne da tsofaffin na'urori marasa kaifi, kuma mai yiwuwa an kambama shi ninki da yawa. Wannan magana tana da nauyi, domin idan abin da jikin yaro ke yi bai kai yadda aka zata ba, to ɗan ƙarin da ke shigowa ta abinci ya fi girman da aka ba shi a lissafi. Adalci kuma ya sa a faɗi cewa ba a kawo hujja ƙarara da ta nuna naman da aka samar bisa ƙa'ida ya sa wa wani mutum sankara ko ya gaggauta masa balaga ba, kuma irin wannan hujja tana da wuyar samu, tunda kowa yana haɗuwa da sinadarai masu kama da homon ta hanyoyi barkatai.

Shari'ar kanta ba ta warware wannan ba. Amurka da Kanada sun shigar da ƙara a Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya a 1996, a 1998 aka yanke cewa Turai ba ta kafa haramcinta a kan cikakken binciken haɗari ba, a 1999 kuma aka ba Amurka izinin ɗora haraji a kan kayan Turai na dala miliyan 116.8 a shekara, Kanada kuma na dalarta miliyan 11.3. Daga bisani aka yi sulhu da Amurka a 2009, Turai ta buɗe ƙofa ga naman da ba a yi wa homon ba, aka fara da tan 20,000 aka kai 45,000, haramcin kuwa yana nan daram.

Abin da ya kamata a tsaya a kansa shi ne sharaɗin nan da ke maƙale a jikin kowane lissafi na masu cewa babu haɗari, wato muddin an bi ƙa'ida. Nanogiram 1.9 lissafin san da aka yi wa dashe ɗaya ne, a kunne, da maganin da hukuma ta tantance, aka kuma jefar da kunnen. Amma wani dashen da aka saba amfani da shi yana ɗauke da miligiram 120 na tirenbolon da 24 na istiradiyol, kuma miligiram ɗaya nanogiram miliyan ne. Idan mai kiwo ya soka shi a wuya ko a kafaɗa, ko ya ninka shi don gaggawar riba, ko aka yanka dabba ƙwayoyin ba su gama narkewa ba aka niƙa wurin a cikin nama, to wanda rabonsa ya faɗa a kan wannan yanka zai haɗiyi abin da babu wani kwamitin masana da ya taɓa cewa ba shi da illa. Ko a Amurka, inda ake da ma'aikata da ɗakunan gwaji, binciken da Turai ta yi a 1999 ya gano burbushin homon a cikin kimanin kashi 12 cikin 100 na samfurin naman da aka aiko da shaidar cewa babu homon a cikinsa.

Haramci a takarda shi ma ba ya wadatarwa, kuma Turai ta ɗanɗana hakan. Bayan an hana, sai fataucin ɓoye ya bunƙasa, musamman a Beljiyam, inda aka riƙa haɗa magunguna iri-iri ana yi wa shanu allura a asirce. Karel Van Noppen, likitan dabbobi na gwamnati mai duba mayanka wanda ya ƙi kau da kai, an harbe shi har lahira kusa da gidansa ranar 20 ga Fabrairun 1995, kuma sai a 2002 kotu ta hukunta mutum 4 a kan kisan. Masu wannan sana'a sun kuma koma ga kilenbutarol, wanda ba homon ba ne, maganin asma ne da ke narkar da kitse ya gina tsoka, yana taruwa a hanta, dafuwa kuma ba ta kashe shi. A 1990 mutum 135 suka kwanta a Sifen da bugun zuciya da rawar jiki da ciwon kai bayan sun ci hantar shanu, a 2011 kuma, lokacin gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Meziko, an sami wannan magani a fitsarin 'yan wasa 109 cikin 208 da aka gwada, aka danganta abin da naman da suka ci.

Nan ne batun ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Kunnen da mayankar Amurka ke jefarwa, a nan abinci ne, domin ana babbake kai a kankare shi a yi farfesu ko langaɓu, fata ta zama ganda, hanta da ƙoda kuwa, inda burbushin magani ya fi taruwa, su ake fara gasawa ranar layya, sau da yawa a miƙa wa yara da masu jego. Saboda haka lissafin da aka yi wa mai cin nama a Amurka ba zai hau kan mai cin nama a Kano ko Maraɗi ba. Ga kuma yadda magungunan dabbobi ke yawo a kasuwannin kara, a kan tabarma cikin rana, ana sayar wa duk wanda ya miƙo kuɗi ba tare da takardar likita ba, alhali mai turkar rago ko sa domin Babbar Sallah yana da kwaɗayin ganin dabbarsa ta cika ido cikin 'yan makonni. Deksametazon, wanda shi ma homon ne na haɗi, mai arha, an san yadda aka yi ta amfani da shi wajen kumbura dabbobin layya a Bangaladash har gwamnati ta kafa dokar hani a 2010, kuma babu abin da zai hana irin haka a duk inda ake samunsa a kanti. A gefe guda, zancen da ya yaɗu cewa kajin gidan gona allurar homon ce ke sa su girma cikin mako 6 ba shi da tushe, domin saurin girmansu ya fito ne daga zaɓen iri da ingancin abinci. Abin dubawa a kansu shi ne magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ake ba su, da rashin jiran wa'adin da maganin zai fita daga jiki kafin a yanka.

Ƙasar da yawancin dabbobinta ake yanka su a ƙananan mayankai da bayan gida, inda duban da malamin dabbobi ke yi bai wuce na ido da wuƙa ba, ba ta da dalilin halatta homon na ƙara ƙiba, domin ba ta da hanyar cika sharaɗin da ya sa masana suka ce babu haɗari. Ido ba ya ganin nanogiram, sai na'ura. Aikin da ke gaban hukumar NAFDAC da Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi da Najeriya ta kafa a 2024, da takwarorinsu na Nijar, shi ne su hana sayar da irin waɗannan magunguna sai da izinin likitan dabbobi, su riƙa ɗaukar samfurin hanta da ƙoda da fitsari daga manyan mayankai ba tare da sanarwa ba, musamman a makonnin da ke gaban layya, su fitar da sakamakon ga jama'a, sannan su jawo sarakunan pawa da shugabannin dillalai cikin aikin, tunda su ne suka san wanda ya kawo kowace dabba da inda aka turke ta.