Ƙin aiki daban, ƙin mutum daban: Shari'ar mai kek a Amurka da halin masu otal a Keffi

Duk lokacin da wata kotu a Amurka ko Birtaniya ta ba ɗan kasuwar da ya ƙi yi wa masu auren jinsi aiki gaskiya, sai labarin ya karaɗe zaurukan WhatsApp na ma'aikata a Abuja, ana ta jinjina wa mutumin da ya tsaya kan addininsa. Jinjinar ba laifi ba ce. Sai dai kaɗan ne daga cikin masu yin ta suka tsaya suka duba abin da alƙalan suka yanke, alhali a cikinsa akwai abin da ya shafi ɗan kasuwarmu na gida fiye da yadda muke zato.

A shekarar 2012 wasu maza biyu suka je shagon Jack Phillips a jihar Kolorado suna son ya haɗa musu kek ɗin biki. Ya ce addininsa na Kirista bai yarda ba, amma a shirye yake ya sayar musu da sauran kayan shagonsa. Hukumar kare haƙƙin jama'a ta jihar ta same shi da laifin nuna wariya. A watan Yunin 2018 Kotun Ƙolin Amurka ta soke wannan hukunci da rinjayen alƙalai 7 a kan 2, bisa dalilin cewa hukumar ta nuna ƙiyayya ga addininsa lokacin da take sauraren ƙarar. Kotun ba ta ba kowane mai shago lasisin korar wanda ya ga dama ba. Mai shari'a Anthony Kennedy da ya rubuta hukuncin shi ne kuma ya rubuta wanda ya halatta auren jinsi a duk faɗin Amurka a 2015.

A Birtaniya maganar ta fi fitowa fili. Gidan burodin Ashers da ke Belfas ya ƙi rubuta taken goyon bayan auren jinsi a kan kek, kuma a watan Oktoban 2018 Kotun Ƙolin ƙasar ta wanke shi baki ɗaya, saboda saƙon ya ƙi, ba mai sayen ba. Ko wane ne ya zo da wannan rubutu, amsa ɗaya zai samu. A 2023 ma Kotun Ƙolin Amurka ta ba wata mai ƙera shafukan intanet, Lorie Smith, gaskiya a kan ginshiƙi makamancin wannan: hukuma ba ta da ikon tilasta wa mutum furta abin da bai yi imani da shi ba. Ma'aikacin gwamnati kuwa lissafinsa daban ne. Kim Davis, akawun da ta ƙi ba da takardun aure a jihar Kentaki a 2015, kwana 5 ta yi a tsare, don kujerar da take kai ta jama'a ce, ba shagonta ba.

A Najeriya al'amarin a juye yake. Babu wanda zai tilasta wa tela ko mai girki a Keffi ya yi wa irin wannan biki aiki. Musulunci da Kiristanci kamar yadda akasarin 'yan ƙasar nan suke bin su ba su amince da shi ba, kuma dokar haramta auren jinsi da Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a watan Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga ma'auratan. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne ƙaramin sashe na 3 na sashe na 5, wanda ya tanadi shekara 10 ga duk wanda ya ɗaura, ya shaida, ko ya taimaka wajen ɗaurin auren. Dokar ba ta fayyace inda taimako ya fara da inda ya ƙare ba. Wanda ya ba da hayar zaure ya taimaka? Mai kujeru da rumfa fa? Mai hoton da aka ce masa bikin zagayowar ranar haihuwa ne?

Wannan tambaya ba ta nesa da masu karanta wannan shafi. Keffi na da nisan kusan kilomita 50 daga Abuja, kuma tsadar haya ta sa ma'aikatan tarayya da dama sun tare a kan wannan hanya, daga Mararaba da Masaka har cikin garin. Wanda ya karɓi giratuti yakan gina ɗan masaukin baƙi, ko zauren biki, ko ɗakunan haya don ɗaliban Jami'ar Jihar Nasarawa da ma'aikatan Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Gari ne na ɗalibai da matafiya, Musulmi da Kirista, inda kusan kowane ƙarshen mako akwai walima ko liyafar kammala karatu. Nasarawa ba ta cikin jihohi 12 da suka ɗabbaƙa shari'ar Musulunci a fannin manyan laifuka, don haka abin da ke gaban mai otal a nan shi ne 'yan sanda da dokar tarayya, sai kuma jita-jitar unguwa, wadda ta fi su duka saurin tafiya.

Ga abin da ya faru a wasu wurare. A watan Afrilun 2017 aka kama mutum 53 a wani masauki a Zariya bisa zargin halartar auren jinsi. Lauyansu ya ce bikin ranar haihuwa ne kuma yawancinsu ɗalibai ne, sannan da aka gurfanar da su a kotun majistare, tuhumar ta koma haɗin baki da haramtaccen taro da shiga haramtacciyar ƙungiya. A Legas an kama mutum 57 a wani otal a Egbeda a watan Agustan 2018, aka nuna fuskokinsu a talabijin, aka gurfanar da 47 a ƙarƙashin dokar ta 2014. A watan Oktoban 2020 Mai shari'a Rilwan Aikawa na Babbar Kotun Tarayya ya kori ƙarar saboda masu gabatar da ita sun gaza bibiyar ta yadda ya kamata. An sake ganin irin wannan kame na gungu a Ekpan ta jihar Delta da kuma Gombe a 2023. A kowane karo sunan wurin da aka yi taron yana fita a labarai tun ranar farko, kuma ko da kotu ta sallami kowa daga baya, babu wanda ke komawa ya wanke shi. Jarin shekara 35 na aiki kan iya narkewa a dare ɗaya.

Sakamakon haka shi ne mai otal ya koma ɗan leƙen asiri ba don Allah ba, sai don tsoro. Samari biyu da suka zo rubuta jarrabawa suka kama ɗaki ɗaya don rage kuɗi, abin da kowane ɗan Arewa ya saba yi, sai a riƙa yi musu kallon tuhuma. Yaro mai laushin murya ko wata irin tafiya sai a ce babu ɗaki. A ganina wannan ba 'yancin addini ba ne, domin addinin da ake fakewa da shi bai yi umarni da haka ba. Aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana mugun zato da bin diddigin asirin mutane, kuma malaman fiƙihu sun tsaurara sharuɗɗan shaida a laifukan alfasha, har suka tanadi hukunci mai tsanani ga mai ƙazafi. Kundin tsarin mulkin 1999 da ya ba ɗan kasuwa 'yancin addini a sashe na 38 shi ne ya kare sirrin baƙonsa a sashe na 37, ya kuma ce a sashe na 36 mutum ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar.

A nan ne bambancin da alƙalan Birtaniya suka yi yake da amfani gare mu. Ɗan kasuwa yana da haƙƙin ya ƙi aikin da ya saɓa wa imaninsa: mai ɗab'i ya ƙi buga takardar da yake ganin saɓo ce, mai zaure ya ƙi taron da aka gaya masa manufarsa ƙarara. Amma mai kemis ba shi da hujjar hana mutum magani, mai abinci ba shi da hujjar hana shi tuwo, saboda abin da ake raɗawa a kansa. Mu 'yan Arewa ya kamata mu fi kowa riƙe wannan iyaka, domin mun san zafin a ce gida ya kamu da zarar mai gida ya ji sunanka ko ya ga hijabin matarka, kamar yadda Kirista ya san nasa zafin a wasu unguwanninmu. Sashe na 42 da ya haramta wariya ya fi magana ne kan doka da ayyukan hukuma, bai kai hannu sosai ga mai gidan haya ba. Idan muka amince cewa lamirin ɗan kasuwa ya isa hujjar korar mutum don zato, to mun ba wancan mai gidan hujjarsa.

Gyaran bai buƙatar a taɓa haramcin da majalisa ta yi. Ofishin Antoni Janar na Tarayya da na Jihar Nasarawa suna iya fitar da ƙa'ida a rubuce cewa ba za a tuhumi mai wuri da taimakawa ba sai an nuna ya san manufar taron tun farko, kuma rundunar 'yan sanda ta daina nuna waɗanda ake zargi da sunan otal a gaban kyamara kafin a je kotu. Dokar da kanta, a sashe na 6, ta ba Babbar Kotun jiha ko ta Abuja hurumin sauraren waɗannan ƙararraki, ba ofishin DPO ba, ba kuma samarin unguwa ba. Mataimakan da ke rubuta wa ministoci da 'yan majalisa takardun shawara su ne suka fi kusa da teburin da za a sa wa irin wannan ƙa'ida hannu, kuma da yawansu suna da fili a hanyar Keffi da suke shirin ginawa kafin ritaya.