Shirun da ke kisa a ɗakin gaggawa

Duk lokacin da tankar mai ta kama da wuta, kamar yadda ya faru a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024, magana ɗaya ake nanatawa: a sayo kayan aiki, a ƙaro gadaje. Ba na musun haka. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ba mai tambayar yadda waɗanda ke tsaye a kan majinyaci suke magana da juna a mintunan farko.

A ɗauki wanda mota ta buge, an shigo da shi jina-jina. Likita ya daka tsawa, "A sa masa ruwa!" Nas uku ne a wurin, kowacce ta zaci 'yar'uwarta ake nufi, jini na zuba, ba wadda ta nemi jijiya. Horon aiki tare wannan giɓin yake toshewa. Likita ya dubi mutum ɗaya ya ce, "Sista, ruwa a hannun dama." Ta maimaita abin da ta ji, in ta gama ta ce, "An sa." Jagora na tsaye a ƙarshen gado, bai taɓa majinyaci ba, idonsa na kan kowa. Wata na lura da numfashi, wata ta riƙe wuya kada ya motsa, wata na rubuta lokaci.

Matuƙan jirgin sama ne suka fara koyon darasin, da tsada kuwa. A 1977 jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a filin jirgin Tenerife, mutum 583 suka mutu. Kafin karon, injiniyan ɗaya daga cikin jiragen, na kamfanin KLM, ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar hanya, kyaftin ya ce ya bari, ya ci gaba da gudu. Mu da muka tarbiyyantar da 'ya'yanmu kada su ɗaga ido gaban babba, me muke tsammani daga ƙaramar nas da ta ga leɓɓan majinyaci sun yi fari alhali babban likita na can yana ɗinkin goshi? Kunya ado ce a gida, amma a nan sai an koya mata, da maimaici, ta buɗe baki ta ce, "Likita, dakata, jininsa na sauka."

Za a ce ba iskar oksijin, ba jini, nas-nas kuma na ta ficewa Ingila da Saudiyya. Gaskiya ne, sai dai wannan atisayen ba ya cin man janareta: ɗalibi ya kwanta a gado, a yi rabin awa, a zauna a faɗi inda aka yi kuskure. Matsalar ita ce manyan likitocin da ke ganin abin wasan yara ne, su turo nas-nas su kaɗai su yi. To wa za su koyi tsayarwa, tunda wanda ya kamata a tsayar yana ofis yana shan shayi?