Ilmin Nano: A Bar Yaran Da Su Ka Iya Su Ƙara Gaba

Galibi idan yaro ya gama digirin farko a fannin kimiyya, ya yi bautar ƙasa, iyaye mazauna Ikko da Badun da Anacha su kan ce karatu ya isa haka, ya zo ya kama shago. Ba a ga laifinsu ba, domin haya da kuɗin makaranta sun yi wa kowa nauyi. Amma akwai wani fanni da ya cancanci a ƙara wa yaro haƙurin shekara 2, watau ilmin nano.

Shi wannan ilmi, nazari ne da sarrafa abubuwa ƙanana ƙwarai. Ma'auninsu nanomita, wato kashi 1 cikin miliyan dubu na mita. Kaurin silin gashi guda ya kai nanomita 80,000, alhali masu wannan aiki ba su cika wuce 100 ba. Abin mamaki shi ne, idan abu ya ƙanƙance haka sai halinsa ya sake. Zinariya da kowa ya sani rawaya ce, amma ƙwayoyinta na nano ja su ke. Su ne ke fito da jan layin nan a kan yawancin tsinken gwajin zazzaɓin cizon sauro. Ashe ilmin ya riga ya shigo gidajen jama'a ba su sani ba.

Tun 1981, lokacin da wasu masana biyu na kamfanin IBM a Suwizalan su ka ƙera na'urar da ke nuna ƙwayar zarra ɗaya ɗaya, fannin ke ta bunƙasa. A 2020, rigakafin korona na Pfizer da na Moderna an naɗe sinadarinsu ne cikin ƙwayoyin kitse na nano.

Ba sai yaro ya fara da shi tun digirin farko ba. Wanda ya karanta fiziks, ko kimiyyar haɗa sinadarai, ko haɗa magunguna, ko injiniya, ya na iya shiga a digiri na biyu. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da ke Abuja, wadda aka kafa a 2007, ta na koyar da kimiyyar kayan ƙira a wannan mataki. A Jami'ar Ladoke Akintola ta Ogbomosho da ta Nsukka ma akwai malamai masu bincike a kansa, ga su nan kusa da inda 'yan Arewa ke zaune.

Sai dai a faɗi gaskiya. Na'urorin wannan aiki su na da tsada, ba kuma su jure ɗauke wuta. Aikin yi bayan an gama, yawanci koyarwa ne da bincike, domin masana'antun da ke bukatarsa ba su yi yawa a ƙasar nan ba. Saboda haka kafin a biya ko kwabo, lalle ɗalibi ya je ya ga ɗakin gwaji da idonsa, ya tabbata na'urar hangen ƙananan abubuwa ta na aiki, ya kuma san malamin da zai duba aikinsa. Sa'an nan ya nemi tallafi, kamar na Asusun PTDF, ko na TETFund idan ya sami aikin koyarwa.

To, mene ne ribar Arewa? A 2010 gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Zamfara. Gano irin wannan guba da tace ta daga ruwan sha su na cikin abubuwan da masu ilmin nano ke bincike a kai. Haka kuma inganta farantan wutar rana, ga shi kuwa Allah ya hore wa Arewa rana. Wanda ya taso ya na ganin waɗannan matsaloli shi ya fi kowa sanin zafinsu.

Don haka ya kamata Sarakunan Hausawa na Agege da Sabon Badun da sauransu, tare da ƙungiyoyin 'yan goro da 'yan shanu da 'yan gwari, su buɗe asusu, ko yaro ɗaya ne a shekara su ɗauki nauyinsa, mace ko namiji. Shago ba zai gudu ba cikin shekara 2. Allah ya sa a duba.