A Nemi Izininta Kafin a Taɓa Ta

Matar da ta kuɓuta daga hannun Boko Haram, ko yarinyar da aka yi wa fyaɗe, a tsorace take isa asibiti. Sai ta faɗi labarinta wajen yankan kati, ta maimaita wa nas, ta sake maimaita wa likita, majinyata na kasa kunne. Wata daga ranar ba ta ƙara komowa.

Muna kira ga ma'aikatun lafiya na jihohi su horar da ma'aikatansu. A ja labule. A haɗa ta da ma'aikaciya mace in ta nema. A ce, "Baiwar Allah, zan duba ki, kin yarda?" In ta ce a dakata, a dakata. Maganin kariya daga ƙanjamau kuwa, a ba ta cikin sa'o'i 72 da aukuwar fyaɗen, ko da ba ta shirya magana ba.