Tumbin giya a garin da ba a shan giya

Duk wanda ya taɓa zama a Legas ko Fatakwal ya san siffar tsohon mashayi: ƙafafu sirara, hannuwa sirara, ciki kuwa ya yi gaba ya bar mai shi a baya. A can kwalba ake ɗora wa laifi, kuma da gaskiyarsu. To amma ka tsaya bakin masallacin Juma'a a Jega ka dubi masu fitowa, ko ka ratsa ta wurin dillalan albasa a Aliero, za ka ga irin wannan ciki da yawa a jikin dattawan da ko warin giya ba su sani ba. Jihar Kebbi tana cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, kuma tun kafin nan ma shan giya abin kunya ne a ƙasar Gwandu. To daga ina tumbin ya fito?

Amsar tana cikin lissafin giyar kanta, don haka zan ɗan taɓa shi, ko da wasu masu karatu za su yamutsa fuska. Sanin yadda abu ke aiki a jiki ba halatta shi ba ne.

Masana abinci suna auna ƙarfin da abinci ke bai wa jiki da ma'aunin kalori, kuma sun kasa abincin kashi uku. Akwai sitaci da sukari, irin su tuwo, shinkafa, rogo da rake, kowane giram ɗaya kalori 4. Akwai abinci mai gina jiki, wato furotin, kamar nama, kifi, wake da ƙwai, shi ma 4. Sai maiƙo, man gyaɗa da man shanu da kitse, giram ɗaya kalori 9. Babban mutum yana buƙatar kamar 2,000 zuwa 2,500 a wuni, gwargwadon jikinsa da aikinsa. Abin da ya haura, jiki ya mai da shi kitse ya adana.

Giya ba ta cikin ukun nan, amma tana da nata lissafi: giram ɗaya na tsantsarta kalori 7 ne. Ta fi sukari, ta kusa kamo mai. Wani masani Ba'amurke, Wilbur Atwater, na jami'ar Wesleyan, shi ya tabbatar da haka. Ya gina wani ɗan ɗaki rufaffe, mutum ya shiga ya yi kwanaki a ciki, ana auna duk abin da ya ci da ya sha da zafin da jikinsa ke fitarwa. A 1902 shi da abokin aikinsa Francis Benedict suka bayyana cewa jiki yana ƙone giya ya samu ƙarfi daga gare ta kamar yadda yake ƙone abinci. Masu yaƙi da shan giya a Amurka suka yi masa ca, don littattafan makaranta na lokacin suna koyar da cewa guba ce zalla, su kuma masu kamfanonin giya suka ɗauki maganarsa suna talla da ita. Shi kuwa bawan Allah ɗan fasto ne, ba ya goyon bayan shaye-shaye. Abin da ma'auni ya nuna masa kawai ya faɗa.

Matasanmu da ke saka manhajar ƙirga abinci a waya, musamman ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero masu zuwa ɗaga ƙarfe da yamma, sun san manhajar gurbi uku gare ta. Masu shan giya a ƙasashen waje sai sun yi dabara kafin su shigar da ita. Kwalbar giya mai santilita 60, mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, tana ɗauke da kusan giram 24 na tsantsar giya, wato kalori 166 ko kusa, in an haɗa da ragowar sitacin hatsin da aka yi ta da shi ya tasam ma 250. Sai su raba kalorin giyar da 4 su rubuta shi a gurbin sitaci, ko da 9 su rubuta a gurbin maiƙo. A takarda lissafi ya daidaita. A cikin jiki kuwa labarin daban ne, domin jiki ba shi da rumbun ajiye giya. Da ta shiga jini hanta take barin sauran aikinta ta dukufa a kanta, ta mai da ita wani sinadari mai guba, sannan ta sake sarrafa wannan ya zama wanda jiki zai iya ƙonewa. Muddin ana wannan aiki, ƙone kitse yana ja baya. Ga shi giya na buɗe ciki, shi ya sa ba a raba mashaya da mai tsire da mai farfesu. Ba ta gina tsoka, ba ta ƙara jini, ba ta ƙosarwa. Lamba ce kawai take hawa.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne rashin ƙosarwar nan. Abin da aka kurɓa ba ya cika ciki yadda abin da aka tauna ke yi. Wanda ya ci malmalar tuwo biyu ya san ya ci, zai ture kwano. Wanda ya sha kalori 250 a kofi zai tashi ya ci tuwonsa daidai yadda ya saba, ko loma ɗaya ba zai rage ba. Wannan ƙa'ida ba ruwanta da halal ko haram. Kofi ne kofi.

Mu ƙirga namu. Ƙwayar sukari ɗaya ta cikin kwali tana kusan giram 5, kalori 20. Je ka teburin mai shayi a mahaɗar Jega da sassafe, inda motocin Sakkwato da na Birnin Kebbi da na Yawuri ke haɗuwa. Mai shayi zai ɗaga kofi ya ce, “Alhaji, nawa za a sa?” Alhaji ya ce, “Sa huɗu, ka ƙara madara ta yi kauri.” In madarar ta gwangwani ce mai zaƙi, ita ma sukari ne ya fi yawa a cikinta, amma mu bar ta a gefe. Safe da dare, ƙwaya takwas ke nan, giram 40. Da azahar rana ta take, yaro ya kawo lemon roba mai sanyi, santilita 50, wanda ke ɗauke da sukari kimanin giram 50. An kai giram 90, kalori 360, ya wuce na kwalbar giyar da muka lissafa ɗazu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin ɗari na abincin wuni, wato kamar giram 50 ga babba, cokalin shayi 12, kuma in an iya rage shi zuwa rabin haka ya fi. Alhajinmu ya kusa ninka iyakar, bai taɓa shinkafar rana ba, ba a zo ga zoɓo da kunun aya na gida ba. Ka tambaye shi me ya ci yau, zai lissafa maka tuwo da shinkafa, shayi da lemo ba za su zo bakinsa ba, don a wurinsa ruwa ne.

Kada wani ya ce na daidaita lemo da giya. Giya tana gusar da hankali, tana ƙona hanta, tana raba gida, kuma tun 1988 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar. Shayi bai yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Sai dai a hanta sukari da giya suna da wata mahaɗa. Sukarin da muke sha rabinsa irin wanda hanta ke ɗaukar nauyin sarrafa shi ne, in ya yi mata yawa ta mai da shi kitse. A 1980 likitocin asibitin Mayo a Amurka suka ba da bayanin wasu majiyyata da hantarsu ta yi kitse ta kumbura tamkar ta mashaya, alhali ba sa sha. Yawancinsu masu ƙiba ne, da dama suna da ciwon sukari. Yau wannan ciwo yana cikin cututtukan hanta da suka fi yawa a duniya.

Wanda ya fi damuna a cikin abubuwan shan nan shi ne malt, saboda rigar magani da muka sa masa. Kamfanonin giya ne ke yin sa, daga irin tsiron hatsin da ake yin giya da shi, sai dai ba a barinsa ya yi tsami ya zama barasa, don haka zaƙinsa yana nan cif. Maltina ta fito kasuwa a 1976 daga kamfanin Nigerian Breweries, daga baya wasu suka biyo. Halal ne, ba gardama. Amma duba bayan gwangwanin ka karanta, kalorinsa ba ya gaza na lemo, sau da yawa ma ya fi. Mu kuwa mun ɗauke shi abin dubiya. Mace ta haihu, katan ɗin malt. An kwantar da tsoho a asibiti, malt. Aliero gari ne da ya yi suna wajen ɗori, mutane na zuwa daga nesa, kuma mai karaya yakan yi makonni a kwance ba motsi. Dubi abin da 'yan dubiya ke jerawa a gefen shimfiɗarsa. Ana juye gwangwanin madara a cikin malt a miƙa masa, wai yana ƙara jini. Sinadarin ƙarfe ne ke gina jini, yana cikin hanta da nama da wake da zogale, malt da madara kuwa ba su da shi sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ƙashin da ya karye furotin yake so da nono da kifi. In mai jinyar yana da ciwon sukari bai sani ba, to dubiyar ce ke ƙara masa ciwo, mikinsa ya ƙi warkewa ana ta neman dalili a wani wuri.

Ban da fura a wannan ƙara. Fura da nono abinci ce: gero ne da tsakinsa, nono da furotin ɗinsa, tana riƙe ciki tun hantsi har la'asar. Manomin da ke ban ruwan albasa a fadama, ko mai dashen shinkafa a Maiyama da Mungadi, zai sha kwano guda ya ƙone shi kafin rana ta karkata, ba za ka ga tumbi a jikinsa ba. Matsalar ta fara ne lokacin da ɗansa ya samu shago da babur, ya daina tafiya a ƙasa, amma ya riƙe ma'aunin cin ubansa, ya kuma ƙara da cokali huɗu na sukari a furar da kakanninsa ke sha da tsaminta. Da azumi abin ya fi muni. Mutum ya wuni da ƙishirwa, ana kiran salla ya jera kunu da zoɓo da lemo, a ƙare wata ya hau ma'auni ya ga ya ƙaru.

Akwai kuma giyar da ke shigowa garuruwanmu ba da sunanta ba. Ina nufin 'yan ƙananan ledoji da kwalabe masu ɗaci da ake sayarwa a tasha da sunan maganin basir, ko ciwon baya, ko ƙarfin maza. Ba duka ba, amma da yawansu saiwoyi ne da aka jiƙa a barasa mai ƙarfi, wasu ƙarfinsu ya ninka na giyar kwalba sau biyar ko fiye, kuma a rubuce yake a jikinsu ga mai iya karantawa. Hukumar NAFDAC ta sanar da hana sayar da barasa a leda da ƙananan kwalabe da ba su kai mililita 200 ba a farkon 2024, aka yi ta ja-in-ja da masu kamfanoni a kan lokacin aiwatarwa. Direba ko ɗan dako da ke kurɓar biyu da safe don “jiki ya saki” zai rantse maka bai taɓa shan giya ba, kuma har zuciyarsa haka ya ɗauka. Haɗarin ya fi girma ga mai ciwon sukari da ke shan ƙwaya ko allurar insulin. Hanta ce ke sakin sukari cikin jini idan ciki ba komai, barasa kuwa tana tare wannan aiki, sai sukarinsa ya faɗi ƙasa warwas, ya kama gumi da rawar jiki, ya suma. Mutanen gida su ce iska ce.

Gwamnatin tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, aka fara karɓa a 2022. Naira biyar ke nan a kan roba guda. Ban ga wanda naira biyar za ta hana shan lemo a zafin watan Afrilu ba, kuma harajin bai san da teburin mai shayi ko robar zoɓo ba. Don haka ba daga Abuja gyaran zai zo ba.

Jega tana da kwalejin koyar da aikin lafiya, ɗalibanta kuma suna fita ƙauyuka aikin koyo. Ina roƙon malamansu su ƙara musu tambaya ɗaya da za su riƙa yi wa duk wanda suka auna wa hawan jini: ban da abin da ka ci, me ka sha jiya, kuma sukari nawa aka sa? Limamanmu da ke yi mana wa'azi a kan giya, Allah ya saka musu, su haɗa da ledojin tasha, su kuma tuna wa jama'a cewa israfi a cikin halal ma abin hani ne.

Kai kuma mai karatu, in ka haura shekara arba'in kuma ɗinkin bara ya fara matse ka a ciki, je ka asibiti ko babban kantin magani a auna maka sukari da safe kafin ka karya, ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa. Gobe in mai shayi ya tambaye ka nawa za a sa, ce masa biyu. In za ka dubiya kuwa, kai wa mara lafiya ƙwai ko kifi ko nono, ka bar katan ɗin a shago.