Mai Jego, Haki da Gwajin Jini Guda

Idan mai jego ta je ƙaramin asibiti a wani ƙauyen Funtua tana haki, ƙafafunta a kumbure, jami'in lafiya ba shi da abin dogaro sai idonsa da abin awon jini. Ƙarancin jini ne? Gajiyar haihuwa ce? Ko zuciya ce ta fara gazawa? Alamomin duk kamarsu ɗaya, amma na ukun yana kisa.

Wannan ciwo ba baƙo ba ne a yankin. Tun a shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry suka bayyana yawan gazawar zuciya a tsakanin masu jego a ƙasar Zazzau, suka kuma zargi kunun kanwa da wankan jego. Binciken Farfesa Kamilu Karaye na Kano daga baya ya fi karkata ga talauci, rama da hawan jinin masu ciki. Ko ma mene ne sanadin, gano ciwon da wuri shi ne inda gizo ke saƙar.

Zuciyar da ta galabaita takan saki wani sinadari cikin jini, wanda masana a Japan suka gano a 1988, ana kiransa BNP. Aikinsa shi ne umartar ƙoda ta zubar da gishiri da ruwa. Yawansa yana ƙaruwa gwargwadon wahalar zuciya. A Ingila, likitan unguwa yakan auna ɗan'uwansa NT-proBNP: ƙasa da 400, da wuya a ce zuciya ce; sama da 2000, a yi hoton zuciya cikin mako biyu.

Amfaninsa a nan ya zarce na can. Tura mace asibitin koyarwa na Shika a tsakiyar damina na nufin kuɗin mota, barin gona, wani lokacin har sayar da buhun masara. Gwajin zai bambance wadda tafiyar ta zame wa dole da wadda maganin ƙarin jini zai wadatar.

Ba ya maye gurbin hoton zuciya. Ciwon ƙoda da tsufa suna ɗaga shi, ƙiba tana rage shi. Kuma yana da tsada, don haka raba na'urar ga kowane asibitin ƙauye ɓarna ce. Abin da ya dace gwamnatin Katsina ta yi shi ne ta ajiye ta a manyan asibitocin Funtua da Malumfashi, ƙananan su riƙa aiko da jini, a fara da masu jego da ke haki cikin watanni biyar bayan haihuwa.