Gurguzu Ya Faɗi, Mai Tsinkar Auduga Yana Nan a Kambo

Sa'ad da aka rushe katangar Balin a watan Nuwamba na 1989, Tarayyar Sobiyet kuma ta wargaje a ƙarshen 1991, sai masu ra'ayi a Gabas da Yamma suka yi ta bushara cewa duniya ta huta da fitinar manyan dauloli biyu; amma duk wanda ya san ƙasar Jazira, wadda take shimfiɗe tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, ya kuma shiga ƙauyukan Hausawa da ke kewaye da Wad Madani, ya san busharar nan ba ta kai ga bukkar talakanmu ba.

Kada mai karatu ya zaci gurguzu baƙon abu ne a Sudan. Jam'iyyarsa, wadda aka kafa a 1946, tana cikin mafi ƙarfi a Afirka da ƙasashen Larabawa, ta yi jijiya a cikin ma'aikatan jirgin ƙasa na Atbara da manoman Jazira, har shugaban ƙungiyar manoman, Shehu Al'amin Muhammad Al'amin, ya zama minista bayan juyin Oktoba na 1964. A watan Yuli na 1971 Hashim al-Atta, hafsan soja mai ra'ayin gurguzu, ya kifar da Shugaba Numairi, mulkinsa bai wuce kwana uku ba, aka rataye jagororin jam'iyyar, Abdulkhaliƙ Mahjub da Shafi'u Ahmad al-Shaikh. Ashe gurguzun Sudan ya riga na Masko karyewa da shekara ashirin. Daga nan Numairi ya juya ga Amurka, dukiya da makamai suka kwararo, Habasha ta Mangistu kuwa ta rungumi Sobiyet, ta ɗaure wa 'yan tawayen Kudu gindi har suka kama Kurmuk a 1987, watau wutar ta iso Shuɗin Nilu, ƙasar da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya sauka da muhajirai bayan waƙi'ar Burmi ta 1903.

To, a cikin wannan jayayya duka, ina matsayin Bahaushe? Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925, kakanninmu da suka tsaya a hanyar Hajji don neman guzuri su ne ginshiƙin noman audugar Jazira, amma mafi yawansu ba su mallaki hawasha ba, watau gonar da hukuma ke ba manomi. Mazauninsu kambo ne, 'yan ɗakunan laka da ciyawa a gefen magudanar ruwa, ƙasar da ba a rubuta ta da sunansu ba. Daga wannan magudana ake sha, a yi wanki, a ɗauki tsargiya. Idan kaka ta yi, mace da 'ya'yanta su shiga gona tun raɓa ba ta bushe ba, su wuni a sunkuye ɓawon auduga yana yankar yatsunsu, da la'asar a auna kwando a biya su abin da ya samu. Ƙungiyar da 'yan gurguzu suka yi tasiri a cikinta ta masu hawasha ce, ta yi gwagwarmaya da hukumar Jazira da ke Barakat a kan rabon riba, kuma lalle gwagwarmaya ce ta gaskiya, sai dai ɗan ƙodagon da mai hawasha yake ɗauka bai sami kujera a wannan majalisi ba. Masu jari-hujja ma ba su tuna da shi ba. A 1981, bisa shawarar Bankin Duniya, aka soke asusun tarayya aka ɗora wa kowane manomi nasa lissafi. A 1992 gwamnatin Bashir ta saki kasuwa. Dokar 2005 ta janye hannun hukuma, magudanai suka cika da laka, aikin ƙodago ya ragu.

Ban yi juyayin faɗuwar mulkin da ya ƙuntata wa masallatan Bukhara da Samarƙandi ba, kuma babu Musulmin da zai yi. Abin da ya dame ni shi ne, da aka binne aƙidar, sai aka haɗa da mas'alar da ta tayar, ta haƙƙin mai aiki a cikin amfanin guminsa, alhali kuwa malaman fiƙihu sun yi bayanin ijara da muzara'a da raya mataccen fili ƙarnoni kafin a haifi Markis. Da wannan mas'ala ta zauna ba warwara, sai ta rikiɗe ta koma ta asali da ƙabila, kamar yadda aka gani a Damazin da Rusairis a Yulin 2022, inda aka zubar da jinin Hausawa da na maƙwabtansu a kan wane ne mai ƙasa.

Wad Madani ta faɗa hannun Dakarun Ɗaukin Gaggawa a Disamban 2023, soja suka karɓe ta a Janairun 2025, kuma in Allah ya kawo zaman lafiya dole a sake tsara Jazira. Wajibi ne malamanmu da shugabannin mazauna kambo su nemi tun yanzu a rubuta filayen zama da sunan mazaunansu, a ba ɗan ƙodago wakili a hukumar da za ta yi sabuwar doka.